Kundin aikin raba yaranmu da ƙurar dalma

Lahadi, 20 ga Oktoba, 2024

Abin da na gani ranar sunan maƙwabciyarmu ne ya sa na buɗe wannan kundi. Na zagaya bayan rumbu neman buta, sai ga buhu biyu na dutsen da ake haƙowa don neman zinare a jingine, ɗaya bakinsa a buɗe, ga yaro mai rarrafe zaune a gindinsu yana tsotsar wani ɓarɓashi mai ƙyalli. Na sa yatsa na zaro shi daga bakinsa, ya tsala ihu. Uwarsa, wadda ta zo barka kamar ni amma a gidan take aure, ta ce, "Haba Malama, dutse ne fa, ba wuta ba." Ban ga laifinta ba. Daga wani gari aka auro ta, kuma a 2010 ita kanta ba ta wuce shekara biyar ba.

Ni ina da shekara 13 a lokacin. Agwagi ne suka fara. Sai a wayi gari a tarar da su a mace a bakin kududdufi, ba wanda ya kawo komai a ransa. Daga nan abin ya koma kan yara: amai, ciwon ciki, yaro ya daina wasa, sai jijjiga, sai suma. Wasu suka ce maleriya ce, wasu sanƙarau, wasu iska. Ƙanena na cikin waɗanda aka kai makwanci, bai cika shekara uku ba. A watan Maris na shekarar ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka fara lura cewa yaran ba sa jin maganin zazzaɓi, daga baya gwajin jini ya fito da sunan abin: gubar dalma. Yara sama da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma, ta tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda.

Mu shida ne a aikin nan: ni, Yaya (ɗan wan babana, wanda ya yi shekaru yana haƙa kafin ƙirji ya zaunar da shi), malamin firamare, ungozomar garinmu, da samari biyu. Buƙatarmu biyu ce. A daina shigo da dutse gida, a kuma gina wurin wanka da sauya tufafi a daba, wato filin bayan gari inda ake niƙa da wanki. An ce yau ne aka shiga makon yaƙi da gubar dalma na duniya. Mu dai ba mu da fosta, ba mu da lasifika.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Mun je gaishe da dagaci, liman na wurin. Yaya ne ya yi bayani, ni ina daga gefe a durƙushe. Na ɗauka za a ce mana mutane sun manta ne, a sake yi musu wa'azi. Dagaci ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗiyata, wa ya manta? Ni da hannuna na ɗauki jikoki biyu. Mun hana tun wancan lokaci. Amma mutum ya kwana uku cikin rami ya fito da buhu guda, ki ce ya bar shi a daji? Kafin asuba an ɗauke. In ɓarawo bai ɗauka ba, mutanen daji su ɗauka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to in akwai ɗaki mai ƙofar ƙarfe da mai gadi fa?"

Ya ce, "Sai ki gina mu gani."

Mun fita da tsari daban da wanda muka shiga da shi. Ɗakin ajiya ne gaba, wurin wanka ya biyo baya. Liman ya yi magana bayan sallar Juma'a, Yaya ya ce mutane sun yi tsit. Tsit ɗin ban san na yarda ba ne ko na "ka gama mu tashi".

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mako biyu muna shiga gidaje ni da ungozoma, tunda maza ba sa wuce zaure. Mun shiga gida 41. A 13 mun ga dutse: ƙarƙashin gado, cikin rumbu, ɗaya ma a madafa kusa da tulun ruwa. A gida huɗu ana dakawa.

Gidan da ya fi tsaya min a rai na wata Goggo ne, mijinta ya rasu, 'ya'yan ɗanta huɗu na hannunta. 'Yan haƙa ke kawo mata ragowar dutse ta daka musu a biya ta. Mun same ta tana kan aiki. Duk saukar taɓarya sai wata ƙura mai ruwan toka ta yi sama, ta sauka a kan tabarma, a kan kwanon fura da aka rufe da faifai, a gashin idon yarinyar da ke goye a bayanta. Na tambaye ta turmin gero. Ta nuna min wanda take dakan da shi.

"Ina wankewa, ɗiyata. Sau biyu."

Turmin duk ya tsattsage daga ciki, kowace tsaga cike da garin dutse, ruwa ba ya kaiwa can. Na yi mata bayanin da aka yi mana tun muna yara: dutsen zinaren yankin nan a haɗe yake da dalma, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, yaro kuma komai ya taɓa sai ya kai baki. Abin da babba zai haɗiya jikinsa ya ɗauki kaɗan, yaro yakan ɗauki ninki huɗu zuwa biyar, balle in cikinsa babu komai ko jininsa ya yi ƙasa. Ta bari na gama tas, sannan ta ce, "Wanga turmi shi ka ci da marayu huɗu. Ki ba ni wani abin dakawa, in bar wanga." Ban sami abin cewa ba. Na dai roƙe ta ta riƙa kwance goyon kafin ta fara, ta yayyafa wa dutsen ruwa. Ta ce to.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Kwana tara ba mota saboda 'yan bindiga sun tare hanya. Ba siminti, ba ƙofa. Samarin sun buga tubalin laka kafin nan.

Asabar, 7 ga Disamba

Wani ma'aikacin muhalli da ya zo wani aiki ya ara mana yini guda da na'urar awon ƙasa, wadda yara ke ce wa bindiga saboda siffarta. Ana ɗora bakinta a ƙasa, kafin minti guda ta nuna yawan dalmar da ke wurin. Tsofaffi sun gane ta nan take, don da irinta aka yi aikin kankara.

Ga wanda bai gani ba: bayan mace-macen, kamfanin TerraGraphics daga Amurka da ƙungiyar Blacksmith tare da ma'aikatan jiha suka bi gida-gida. A fitar da kaya, a share ɗakuna, a kankare saman ƙasar tsakar gida da fartanya kimanin santimita biyar, a zuba a buhuna a kai wani rami mai zurfi a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Dareta da 'Yargalma aka fara yi kafin damina ta kankama a 2010, sannan Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013, bayan matasan Follow The Money sun yi ta kururuwa a intanet kafin gwamnatin Jonathan ta saki kuɗin. Ma'aunin da aka bi shi ne kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan. A wancan lokaci akwai wuraren da aka auna sama da 100,000, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙasar da yara ke rarrafe a kai dalma ce.

Yau harabar masallaci lafiya lau, filin makaranta ma haka. Gindin turmin Goggo kuwa ya haura dubbai, ma'aikacin ya auna sau uku yana girgiza kai. Bayan rumbun maƙwabciyarmu ma haka.

Sai na ce a gwada gidanmu, don dai mutane su ga ba zaɓe ake yi ba. Tsakar gida ƙalau. Amma ƙarƙashin igiyar shanya, inda ƙanen mijina ke kakkaɓe rigarsa in ya dawo daga daba, ya ninka ma'aunin. A nan 'yata ke zama tana wasan gidan ƙasa. Wata biyu ina yawo gidajen mutane da littafi a hannu. Ungozoma ba ta ce komai ba, ta dai kalle ni, kuma da ta yi magana da ya fi min sauƙi. Da daddare na kwance igiyar.

Litinin, 23 ga Disamba

Rediyo ya ce ministan ma'adinai Dele Alake ya ɗage dokar hana haƙa a Zamfara da aka sa tun 2019. Yaya ya yi dariya har da tari. A garin nan ba a taɓa daina haƙa ba. Abin da dokar ta yi mana shi ne ta koro dutse daga fili zuwa ƙarƙashin gado, don wanda ke tsoron kamu ba zai bar shaida a waje ba. In ɗagewar za ta sa mutum ya ajiye kayansa a daba ba fargaba, to mun ci riba. In kuma ƙarin baƙi za ta kawo mana da ƙarin injuna, sai dai Allah ya kyauta.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ɗakin ajiya ya kai linta. Hunturu ya busar da komai, iska kuma daga daba take kaɗowa cikin gari da rana.

Rigimar makon nan da masu inji ce. Niƙa a bushe shi ne uwar ƙura: mai zuba dutse yakan fito fari fat kamar an tona shi daga toka, haka zai shiga gida ya ɗauki ɗansa. Gwajin da MSF ta yi da ƙungiyar OK International ya nuna cewa fesa ruwa a bakin inji na rage dalmar da ke tashi a iska da kusan kashi 95 cikin ɗari. Masu inji sun ce ruwa na da nisa, jiƙaƙƙen gari na toshe musu inji, kuma wa zai biya mai kura? Biyu cikin bakwai sun yarda su gwada, bisa sharaɗin mu ɗauki kuɗin ruwan wata guda. Mun ɗauka, ban san daga ina ba.

Wani abin kuma: injin dutse da injin hatsi iri ɗaya ne, kuma an sha kai gero wurin na dutse in layi ya yi tsawo. Malam, wato malamin firamaren nan, ya kawo shawarar a shafa wa na dutse jan fenti. Har an sayo gwangwani, sai na tuna fentin mai ma kansa yakan zo da dalma, musamman ja da rawaya, kuma gwangwanin nan ba abin da aka rubuta a jikinsa. Mun mayar, mun ɗaura jan ƙyalle.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau saura kaɗan mu ɓata da ungozoma.

Na raka ta wankan jariri. Ta gama gasa cibi, sai ta ciro tandu daga lalitarta, ta sa tsinke ta zizara wa jaririn kwalli a ido biyu, ta ƙara ɗigo a goshi. Na karɓi tandun na zazzage kaɗan a tafin hannu. Gari ne mai ruwan toka yana ƙyalli, sak wanda na zaro daga bakin yaron nan a watan Oktoba. Kwallin dutse da ake sayarwa a kasuwanninmu, mafi yawansa daga dutsen dalma ake niƙa shi. A 2012 CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston, iyayensa 'yan Najeriya, da aka ga dalma a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, sama da kashi 82 cikin ɗari dalma ce. Rahoton har sunayenmu ya kawo, tozali da kwalli. Ba ta ido kaɗai take shiga ba: yaro ya murza ido, ya tsotsi yatsa, shi ke nan.

A hanya na faɗa mata. Ta tsaya cak.

"Ke 'yar nan, ni na yanke miki cibi. Da wanga kwalli na buɗe miki ido. Kin makance?"

"Ban makance ba, Inna."

"To kuma sunna ce."

Muka kai maganar gaban liman. Ya ce kwallin da ya zo a hadisi ismid ne, kuma ba kowane dutse mai ƙyalli ba ne ismid. Abin da aka tabbatar yana cutarwa kuwa barinsa ya zama dole. Inna ta yi shiru, daga baya ta ce ita dai ba za ta ƙara sa wa jariri da hannunta ba, amma kada in sa ran za ta bi kakanni tana ƙwace musu tandu. Na karɓi hakan. Gaskiya kuma ni kaina sai da na ji wani iri da na ga jariri na gaba da ido fari, kamar ba a gama shirya shi ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An yi gwajin jini, bayan wata uku ana ce mana kayan awo na hanya. Tun da MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jiha a Fabrairun 2022, bayan ta auna yara sama da 8,000 cikin kusan shekara 12, komai sai an bi layi, kuma ofishin da muke bi ya mayar da ni sau huɗu. Ban ce ba sa aiki ba. Na ce sau huɗu.

Ana wanke yatsan yaro da sabulu sosai kafin a tsaga, don ƙurar da ke fata kan ɓata awon. Babu adadin dalma da ake cewa lafiya ne a jinin yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 5 (ana auna ta ne da maikrogiram a kowace desilita ta jini) a fara neman inda gubar ke fitowa. Daga 45 ake maganar maganin da ke fitar da ita. Na'urar ba ta iya karanta abin da ya wuce 65.

Yara 28 aka auna. Ba ko ɗaya ƙasa da 5, har da 'yata. Uku sun haura 45: jikokin Goggo biyu, da yaron bayan rumbu. An ɗebi jinin jijiya don tabbatarwa. Uwar yaron ta riƙe mayafina tana cewa, "Amma Malama lafiyarsa lau, ko zazzaɓi ba ya yi." Haka abin yake, shi ya sa yake da wuyar faɗa. Kafin a kai ga jijjiga, dalmar ta daɗe tana cin ƙwaƙwalwa a ɓoye.

Ma'aikacin lafiyan ya ce ba za a fara magani ba sai an gyara gidajen, don ba amfani a wanke jini a mayar da yaro cikin ƙurar da ta sa shi ciwo.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Gayya. An kai yara gidan kakanni tun da safe, an yayyafa ruwa, maza goma sha ɗaya da fartanya suka kankare gida uku. Dattawan da suka yi aikin 2010 su suka riƙa nuna wa samari zurfin da za a bi. Buhu 60 da 'yan kai, an binne a rami nesa da rijiya da gonaki. An ƙwace wa Goggo turmi da lallashi, an binne shi tare da ƙasar. Ta tsaya tana kallo har aka rufe ramin.

Lahadi, 16 ga Maris

Azumi ya kai rabi. An buɗe ɗakin ajiya tun farkon wata, kowa na rubuta sunansa a buhu, ana ba mai gadi wani abu a kan kowane buhu. Makon farko mutum huɗu kawai suka kawo. Da aka ga ba abin da ya ɓata, yanzu har ana rigimar wuri.

Wurin wankan ma ya samu karɓuwa ta hanyar da ban zata ba. Na yi ta tunanin yadda za a shawo kan maza su yi wanka kafin su shiga gida, ashe zafin azumi zai yi mana aikin: kowa na so ya watsa ruwa kafin shan ruwa. Matsalar ita ce sauya tufafi. Da yawa riga ɗaya ce, da ita ake rami, da ita ake gida. Sabulu kuma ba ya kwana.

Yaran uku sun fara shan magani, succimer, na kwana 19. Ana buɗe ƙwanson a zuba a ɗan kunu. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ƙaramar jikar Goggo sai an riƙe ta. Mun ce a dage da zogale, wake, nono da ɗan kifi in an samu, kuma kada a bar yaro ya fita wasa da cikin wofi.

A makon nan aka ce zinare ya haura dala 3,000 kowane oza a kasuwar duniya. Ba sai rediyo ya faɗa mana ba. Baƙin fuskoki sun cika tasha.

Asabar, 5 ga Afrilu

Bayan salla an sake auna su. Duka ukun sun sauko ƙasa da 45, amma an ce a dawo da su nan da 'yan makonni, don dalmar da ta kwanta a ƙashi takan sake fitowa cikin jini, wani lokaci sai an maimaita maganin. Ita ce kuma ke fitowa lokacin da mace ke da ciki ta wuce wa ɗan tayi, abin da ya sa nake duban 'yan matan da aka yi wa magani a 2010, waɗanda yanzu ake ta kai su ɗaki.

Yaron bayan rumbu ya fara tafiya. Magana ce shiru, ko "Inna" bai fara ba. Uwarsa ta tambaye ni ko maganin zai dawo da abin da ya tafi. Na ce mata yana hana ƙari ne. Ta ce to, ta gyara masa hula.

Matan adashi sun ba Goggo ɗauka ta farko, ta sayi sabon turmi da gyaɗa tana ƙuli-ƙuli. Jiya Yaya ya ce ya gan ta a daba da hantsi tana daka wa wasu baƙi dutse, ba goyo a bayanta, ta ɗaure hanci da ɗankwali. Ya tambaye ni ko ya yi mata magana. Na ce ya tabbatar dai ta yi wanka a can kafin ta koma.

Asabar, 10 ga Mayu

Mun sake zagaya gidaje 41 ɗin. Dutse ya rage a biyar, ba inda ake daka. Biyu daga cikin biyar ɗin sababbi ne, gidajen da suka sauki baƙi haya, kuma baƙin ba su san dagaci ba balle dokarsa. Ya ce zai kira masu gidajen. Cikin masu inji, ɗaya ya koma niƙa a bushe ranar da kuɗin ruwanmu ya ƙare, ɗayan ya ci gaba da kansa, ya ce tarinsa ya ragu.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Daren Laraba an yi yayyafi, da safe na bi sawun ruwan daga tulin dusar dutse da ke daba, ya gangara ta bayan makaranta ya nufi kududdufin da yara ke wanka, inda 'yan agwagin Inna ke kiwo. Ba mu yi lissafin wannan ba ko kaɗan. Litinin za a fara haƙa lambatu a karkatar da shi zuwa rami. Muna da shebur huɗu, ana buƙatar takwas, kuma Malam zai tambayi iyayen yara wa zai ara mana baro.